Ranar Da Abokina Ya Ari Hancina

Shekarun baya, tun mata ba su fara tuƙin mota a Saudiyya ba, wata Juma'a da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, mu biyu ne tsaye a ƙofar wani babban otal da ke arewacin Riyadh, ni da abokina. Na ukunmu shi ne mai gadin ƙofar, wanda ya daɗe yana juya katin gayyatar da muka miƙa masa, ya dubi katin, ya dubi takalmanmu. Daga ƙarshe ya ce, "Tafaddal," wato bismillah, muka shige.

Bari in fara faɗa muku ko su wane ne mu, don ba na son labarin da aka faro daga tsakiya. Ni direba ne, a lokacin ina jan motar wani kamfanin kayan gini, ina kwana a ɗakin haya a unguwar Utaiƙa tare da wasu 'yan gida. Ni Bazazzagi ne. Abokina Bakano ne, kuku a gidan wani attajiri, kuma maigidan shi ne kafil ɗinsa, wato da sunansa aka yi masa iƙamar zama a ƙasar. Kun san abin da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi. Tun ranar da muka haɗu a masallacin Juma'a bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana", ni ma haka nake mayar masa.

Abu ɗaya kowa ya san shi da shi, hanci. Mahaifiyarsa mai yin daddawa ce, a gindin tukunyar kalwa ya tashi. In ya kawo mana ziyara Utaiƙa, tun daga matakala zai ɗaga murya ya ce albasarku ta ƙone, ko ya ce man nan an soya kifi da shi jiya, kuma in aka duba haka ɗin ne. Wata rana wani ya dawo daga hutu da ƙullin daddawa yana ta cika baki. Abokina bai ko kwance ƙullin ba ya ce ta waken soya ce, an ɗan yayyafa mata kalwa don a rufe ido. Mai daddawar ya buga waya gida ya bincika, aka tabbatar masa haka ne.

Uwargidan gidan da yake aiki a Faransa ta yi karatu. Za ta yi walima, sai ga shi ana bikin abincin Faransawa a wannan otal. Ta ba shi katin mutum biyu, ta ce ya je ya ɗanɗana cukunsu, ya zaɓo mata kashi biyu: mai sanyin ƙamshi na yara da tsofaffin gida, da mai ƙarfi na baƙinta Turawa. Shi ne ya kira ni a waya ya ce, "Bawana, ka goge takalminka ranar Juma'a, zan kai ka ka ga yadda manya ke cin abinci." Na yi mamakin da ya zaɓe ni, ni da abincina bai wuce burodin tamis da wake da safe, shinkafar kabsa da dare ba. Amma ban kawo komai a raina ba.

Zauren babba ne, an jera tebura a kewaye, kowanne da 'yar tuta mai launi uku. Ga Larabawa cikin fararen riguna, ga Turawa, ga mata cikin abaya, kowa riƙe da ƙaramin faranti. Na ce wa abokina mu faro daga dama mu bi layi har mu dawo ƙofa, kada mu tsallake tebur ko ɗaya. Ya ce, "To soja, mun ji." Kafin in taɓa komai sai da na tare wani ma'aikaci na tambaye shi ko akwai alade ko giya a cikin kayan. Ya dube ni ya ce, "Aboki, nan Riyadh ce fa." Na ce na sani, amma tambaya ba ta ɓata komai.

Teburin farko na burodi ne, dogo kamar sandar makiyayi, taurinsa ma bai yi nisa da na sandar ba. Na gatsa, ɓawon ya yanke min dasashi. Na ce da a Sabon Gari ne da tuni an mayar wa mai shi kayansa. Daga nan miyar albasa, ita kam ta yi daɗi, har na ƙara. Sai dodon koɗi cikin man shanu da tafarnuwa, na ce ni da shi sai kallo. Sai wasu 'yan alawoyi masu launi-launi kamar maɓallan riga, zaƙinsu har tsakar ka. Duk wannan abokina bai ce komai ba, yana dai bina. Sannan muka iso inda aka aiko shi, wurin cuku.

Ni cukun da na sani shi ne wanda Buzaye ke kawowa, fari, busasshe, a ɓantara a ci da shayi. Abin da na gani a nan daban ne. Wani kamar dutsen niƙa, wani kamar sabulu, wani an kife shi da murfin gilashi. Mai kayan wani tsohon Bature ne mai jar fuska, yana yanka da 'yar wuƙa yana sokawa a tsinke. A gefensa wani dogon mutum baƙi yana yi wa jama'a fassara da Larabci. Da ya ji muna Hausa sai ya washe baki.

"Kai! 'Yan Najeriya? Wa ya bari kuka shigo?"

Mutumin Damagaram ne, ma'aikacin otal ɗin, ya iya Faransanci. Da ya ji abokina Bakano ne, shi ke nan, ya samu abokin wasa.

"Bakano a wurin cin kyauta, ai dole. Ku matso in ba ku, amma ba a zubawa a aljihu."

Abokina ya ce, "Kai dai yi aikinka, ɗan rakiyar Bature."

Ɗan Damagaram ya yi mana bayani cewa cin cuku yana da ƙa'ida, ana farawa daga mai sanyi a hau zuwa mai ƙarfi, in aka juya baki ba zai gane komai ba. Wannan ya burge ni, na ce ashe mutanen suna da tarbiyya.

Na farko na nonon akuya ne, fari, mai laushi, da ɗan tsami kamar kindirmon da ya kwana. Na gyaɗa kai. Abokina ya gyaɗa kai ya ce, "Na yara." Na biyu mai tauri ne, rawaya, ɗanɗanonsa kamar soyayyiyar gyaɗa. Na ce wannan ba laifi, shi ma ya ce ba laifi. Na uku yana da farin ɓawo mai kama da gashi. Na zaci takarda ce aka naɗe shi da ita, na sa farce ina ɓarewa. Bature ya ɗaga hannuwa sama kamar an yi masa mutuwa. Ɗan Damagaram ya ce, "Malam, abin da kake zubarwa shi ake saye." Na haɗiye da ɓawon da kunyar gaba ɗaya.

Na huɗu funfuna ce shuɗiya ta ratsa shi ko'ina. Na ce a gidanmu ko kaji ba za a ba wannan ba. Suka ce ai da gangan ake sa ta. Na daure na kai baki. Gishiri ya cika min harshe, wani wari ya hau min kai, fuskata ta yamutse ba da izinina ba. Abokina ma ya yamutsa fuska ya ce, "Mai ƙarfi ne, na Turawa."

A nan na fara lura da wani abu. Mutumin da a kan abinci ba a riga shi magana, yau shi ne ke jira. Zai kai yankan cuku hancinsa kamar yadda ya saba, amma idonsa a kan fuskata yake, sai na motsa sannan ya motsa. Na ce a raina so yake ya ga yadda ɗan ƙauye zai yi, ya samu abin ba da labari a Utaiƙa.

Cukun funfunar nan ya ƙi wucewa a maƙogwarona, sai na bar su na nufi lungu neman ruwa. Ina can Bature ya ɗage murfin gilashin da ke kan na ƙarshe, wani ja-ja mai narkewa yana malala a kan katako. Daga inda nake warin ya same ni. In kuna son ku gane shi, ku ɗauka an jiƙa daddawar batso a cikin takalmin lebura da ya wuni a rana. Mutane suka ja da baya, wata mata ta toshe hanci da gefen mayafinta. Na waiwaya, sai na ga abokina shi kaɗai a gaban tebur, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa abin. Ya ɗago ya waiga inda na saba tsayawa, ba na nan. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan ƙamshinsa a kwance yake. A sa min shi cikin na yara."

Ɗan Damagaram ya yi dariya har ya dafa tebur. Ya fassara wa Bature, Bature ya zagayo ya kama hannun abokina yana girgizawa, wai yau ya ga namiji. Ɗan Damagaram yana share hawaye yana cewa, "Bakano da cika baki! Ko guba aka ba shi kyauta sai ya ce a ƙaro."

Ni kuwa abin da ya fara zuwa raina shi ne kara. Na ce ya ga tsoho yana alfahari da kayansa, mutane suna gudu, shi ne ya ƙi kunyata shi. Mu ne fa mutanen da za a kawo mana tuwo da miyar da gishiri ya kashe, mu cinye, mu ce Allah ya yi albarka. Amma ina tahowa ina tunani. Kara a baki take, hanci da ido ba su san ta ba. Ni daga nesa idona ya kawo ruwa, shi da ya sa fuskarsa a ciki ko ƙiftawa bai yi ba. Sannan mai kara zai iya cutar da cikinsa, amma ba zai ce a kai wa 'ya'yan maigidansa wannan abu ba.

Na dawo na ce wa ɗan Damagaram ya ba mu wani da muka tsallake, fari sol, a gefe. Ya ba mu a tsinke. Na shinshina. Ba abin da ke tashi sai ɗan ƙamshin sabon man shanu. Sai na yamutsa fuska da gangan, na kau da kai, na ce, "A'uzubillahi." Abokina ya shinshina nasa, ya yamutsa fuska, ya kau da kai, ya ce, "Kai, wannan ma ya yi yawa."

Dariyar ɗan Damagaram ta tsaya. Ya dube ni, na ɗan girgiza masa kai. Allah ya saka masa da alheri, ya gane, ya juya wurin wasu baƙi. Daidai nan aka kira magariba, aka shiga rufe tebura da fararen ƙyallaye, muka fita masallaci.

Bayan sallah muna zaune a matakala muna sa takalma na ce masa, "Tun yaushe?"

Ya ce, "Tun yaushe me?"

"Farin nan da muka shinshina daga baya ba shi da wari ko kaɗan. Ni na yi ƙarya da fuskata, kai kuma ka kwafa."

Ya daɗe yana ɗaure igiyar takalmi ɗaya. Sannan ya ce tun kafin azumin bara. Ya zaci mura ce. Ƙamshin gahawa ya fara ɓace masa, sai na turare, sai komai da komai. Gishiri da zaƙi da tsami da yaji yana jin su a harshe, daga nan babu. Girki kuwa hannunsa ne ke yi, don ya haddace awon komai. Ya ce da safe kansa yana sarawa ta goshi, sai rana ta ɗaga yake sauka.

"Da Madam ta miƙo min katin nan, na san asirina ya kusa tonuwa," in ji shi. "Sai na tuna da kai. Na kawo ka ne in ari hancinka, bawana. Duk Riyadh ba wanda fuskarsa ta kasa ɓoye abu kamar taka."

Na ce masa abu uku za a yi. Na farko, gobe asibiti. Na biyu, ya faɗa wa maigida da bakinsa. Na uku, kafin nan ya daina zama a kicin shi kaɗai.

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai komai naka sai da lamba. To ji nawa lissafin. A iƙamata an rubuta kuku. Duk takardar asibiti ta hannun maigida take bi. Kukun da ba ya jin ƙamshi, direba ne marar ido, kai ka sani. Ranar da ya ji, ranar zai buga min huruj, in tattara in koma gida ba dawowa. Tsohuwata ta daina daddawa, ƙafa ta hana. 'Ya'yana huɗu suna makaranta. Ka faɗa min a lamba ta nawa za su ci abinci."

Na ƙarasa sa takalmina. Ya ce in riƙe masa amana. Na ce masa zan yi shiru muddin abin a kansa shi kaɗai ya tsaya. Haka na faɗa, kalma da kalma, kuma ya ji. Muka koma zaure, ni na zaɓar masa cukun, kashi biyu kamar yadda aka ce. Aka yi walima lafiya. Ya ce min Madam ta yabe shi a gaban baƙi, ta ce duk garin ba mai hanci irin na kukunta.

Watanni suka shuɗe. Duk Juma'a sai na tambaye shi asibiti, duk Juma'a sai ya ce sai wani satin. Ya koma shaƙa habbatus sauda da turaren ganye iri-iri. Na lura in zai shiga ɗakinmu kafaɗarsa ta hagu tana bugun ƙofa. Na yi magana, ya ce ƙofar Zagezagi ce, komai nasu a matse.

Wata Juma'a bai zo Utaiƙa ba, an yi baƙi a gidan, sai ni na bi shi bayan an sauko masallaci. Kicin ɗinsa a bayan gida yake, manne da bango, gabansa filin da yaran gidan ke wasa. Ina jin ƙarar ƙwallonsu na tura ƙofar. Warin gas ya doke ni har na ja da baya. Ƙofa a rufe take, taga a rufe saboda zafi, shi kuwa yana zaune a tsakiyar warin yana tsintar shinkafa hankali kwance. Da ya gan ni ya miƙe ya kai hannu kan ashana.

"Bawana, ka zo a daidai, bari in ɗora mana shayi."

Ban san lokacin da na damƙe wuyan hannunsa ba. Na fizgo shi waje, na koma na rufe tukunyar gas, na wangale ƙofa da taga, na kori yaran zuwa gaban gida. Tiyon ne ya tsage ta ƙasa. Na nuna masa. Ya zauna daɓas a ƙasa, ashanar tana nan a tafinsa.

Da ya samu magana sai ya ce, "Tiyo ne kawai. Yanzu zan sayo sabo. Ba sai kowa ya ji ba."

Na ce, "Sharaɗin ya karye."

Ya kama gefen rigata. Mutumin da ya girme ni, mai furfura a gemu. Ya ce, "Don girman Allah, bawana. 'Ya'yana." Na ce masa waɗancan da ke buga ƙwallo ma 'ya'yan wani ne, kuma nasa ba gawa suke jira daga Riyadh ba. Na ba shi zaɓi, ko ya je da ƙafarsa yanzu, ko ni in je. Ya sunkuyar da kai. Na zare rigata daga hannunsa na tafi.

Na sami maigidan a ɗakin baƙi bayan la'asar. Larabcina na kan titi ne, na direbobi. Na nuna hancina na ce, "Hashim harban," wato hanci ya lalace. Na kwatanta gas, na kwatanta ashana, na nuna inda yara suke. Ya gane. Fuskarsa ta canza, amma bai yi tsawa ba. Ya aika aka kira abokina, ya tambaye shi ko gaskiya ne. Abokina ya ce gaskiya ne. Sannan abokin nawa ya juyo gare ni, ya dube ni da kyau, ya ce da Hausa, "Malam, na gode."

Tunda muke bai taɓa ce min Malam ba. Na gwammace ya zage ni.

Abin da ya biyo baya daga bakin mai gadin gidan na riƙa ji, don abokina ya daina ɗaukar wayata. Washegari maigida da kansa ya kai shi asibiti. Aka ɗauki hoton kansa, aka ga ƙari a bayan goshi, ya danne jijiyar hanci, ya fara cin ta ido. Aka yi masa aiki. Rai ya tsira, idon dama ya tsira, na hagu ya tafi, ƙamshi kuwa likita ya ce kada ya sa rai. Ya kuma ce da an ƙara jinkiri da ba wannan maganar ake ba. Na je dubiya, ya juya fuska bango har na gama addu'ata na fito.

Maigidan bai yi masa wulaƙanci ba, gaskiya ɗaya ce. Amma kicin ya ce ba zai yiwu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce ya zauna ya riƙa taya gadin ƙofa. Abokina ya ce wanda ya tsufa da ludayi a hannu ba zai koma buɗe wa sabon kuku ƙofa ba. Aka buga masa huruj. Abin da ya ji tsoro tun a matakalar masallaci shi ne dai ya faru, kuma ta bakina ya faru. Na aika masa cewa ni zan kai shi filin jirgi. Ya ɗauki tasi.

A Utaiƙa mutane suka rabu biyu a kaina. Wasu suka ce na ci amana, na raba bawan Allah da abincinsa, da na bari an canza tiyo an rufa asiri kamar yadda 'yan'uwa ke yi a ƙasar mutane. Wani ɗan ɗakinmu ya daina sa hannu a kwano ɗaya da ni. Ba zan ce abin bai yi min ciwo ba. Amma in na rufe ido ashanar nan nake gani, da ƙarar ƙwallo a bayan bango.

Sai bayan shekaru na samu ƙarfin zuwa. Na je hutu Zariya, na hau mota zuwa Kano ba tare da na sanar ba. Na same shi a ƙofar gida, ya kafa ɗan tebur yana sayar da shinkafa da mai a kwalba. Ya rame, ga tabon ɗinki ya bi ta gefen hularsa. Ya shimfiɗa min tabarma a soro. Ina gajiya, Malam. Ya iyali, Malam. Ya mutanen Riyadh, Malam. Gaisuwa cikakkiya, ba abin da ya rage, irin wadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Na tambayi tsohuwa, ya ce ta rasu bara.

Aka aiko da tuwon masara da miyar kuka. Muka wanke hannu muka fara ci. Ya yi loma biyu ko uku, sai ya tsaya, ya tura kwanon miyar gabana, idonsa mai gani yana kan fuskata kamar wancan yammacin.

"Shinshina min. Daddawar nan ta kalwa ce ko ta waken soya?"

Na sunkuya na shinshina. Matarsa tana tsaye a bayan labule, na ga ƙafafunta. Na san amsar da take so in bayar. Na ce, "Ta waken soya ce."

Ya juya wajen labule ya ɗaga murya. "Kin ji ko? Tun da tsohuwa ta rasu nake faɗa miki cutarki suke yi a kasuwa, kuna ce min ta kalwa ce." Sannan ya jawo kwanon tsakiyarmu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Duk gidan nan kara suke min. Ci abinci, bawana, kai dama ba a haife ka da ita ba."

Bai ce ya yafe min ba, ni ma ban nemi yafiya ba, don har yau ban ga abin da zan nema a kai ba. 'Ya'yansa biyu sun bar makaranta a shekarar da ya dawo, wannan ma gaskiya ce, kuma ina ɗauke da ita. Idonsa bai dawo ba, hancinsa bai dawo ba. Yana raye dai, yaran wancan gida ma suna raye. Har yanzu in na shiga babban kanti na hango wurin cuku, ta wani layin nake bi.

Kara abu ne mai kyau, da ita muke zaune da juna. Wurinta kwanon tuwo ne da gaisuwa da ciniki. Ba ta da wuri a kan ciwo. Abin da nake roƙon duk wanda ya karanta wannan shi ne, in kana da ɗan'uwa ko aboki, musamman wanda ke aiki a ƙasar mutane, ka ga wani abu ya canza a jikinsa yana ɓoyewa don tsoron rasa aiki, kada ka taya shi ɓoyewa. Ka kama hannunsa ka kai shi asibiti a satin nan, ko da daga ranar zai koma ce maka Malam.